Malam Sammani Intabiyu da Murhun Hajiya Baraka

Da aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Gobarau a birnin Katsina, wasu suka koma kwanciya, wasu suka tsaya wajen mai ƙosai, shi kuwa Malam Sammani ya wuce gida ya fere fensir uku. Kullum uku yake ferewa, ko da da guda zai yi aiki. Ya shimfiɗa takardunsa a tabarma, ya ɗauko rula yana ja musu layi a hankali. A ranar ne zai zaɓa wa Hajiya Baraka mutumin da zai riƙe mata murhun sabon gidan burodinta na Kambarawa. Ya kuma san sarai idan ya sake zaɓo wanda bai iya aiki ba, ofishinsa ya rufu ke nan, don babu wanda zai ƙara kiransa.

Ba da wannan sana'a ya fara ba. Shekara ashirin da takwas ya yi a wani kamfanin matse man gyaɗa, tun yana akawun bakin ƙofa mai rubuta sunayen leburori har ya zama jami'in kula da ma'aikata. A can ɗaukar aiki ba ta da wata wahala. Manaja ya fito ya dubi layi, ya ce kai, da kai, da kai mai jar hula, Sammani ya rubuta. Bai taɓa ɗaga buhu ba, bai taɓa kunna inji ba. Amma ya san sunan kowane lebura da ƙauyen da ya fito, kuma abu ɗaya da ko maƙiyinsa zai shaide shi da shi, bai taɓa goge abin da ya rubuta don a faranta wa wani ba.

Kamfanin ya durƙushe gab da ƙarshen mulkin soja. Abokan aikinsa wasu suka koma gona, wasu suka sayi babur suna kabu-kabu. Shi sai ya tafi Kaduna kwas na mako biyu kan dabarun ɗaukar ma'aikata, wanda wasu mutanen Legas suka shirya a wani otal. Ya dawo da satifiket, da kwat mai ruwan toka, da wata takarda da yake kira takardar maki. Ya kama ɗan shago kusa da gida, ya sa aka rubuta a allo cewa shi kwansoltan ne, wato mai ba da shawara kan ɗaukar ma'aikata. Mutanen unguwa suka ga rubutun ya yi musu tsawo, suka ce masa Sammani Intabiyu, sunan kuma ya zauna.

Takardar gida huɗu gare ta. Kallon mai tambaya ido cikin ido, maki ashirin. Riƙe hannu da ƙarfi wajen gaisuwa, ashirin. Iya faɗin gwanintarka da bakinka, talatin. Saurin ba da amsa, talatin. Babu gidan da aka tambayi ko mutum ya iya aikin da ya zo nema. Malam Sammani haifaffen cikin birni ne, kuma da ɗansa zai ƙura masa ido yana magana, da sai ya ji mari kafin ya rufe baki. Amma da zarar ya sa kwat ɗin nan, sai ya manta a wane gari yake.

Sa'arsa ɗaya, ya buɗe shagon daidai lokacin da farar hula ta dawo mulki. Sai ga gidajen mai, ga masana'antun ruwan leda, ga makarantun kuɗi, kowa na neman ma'aikata. Kuma duk wanda ya zo neman aiki, yana tafe da 'yar takarda daga kansila, ko ciyaman, ko wani jigo na jam'iyya. Mai kamfani yana da gurbi biyu, takardu arba'in, kuma babu wanda yake son ya ɓata wa. A nan amfanin Malam Sammani ya fito. Sai mai kamfani ya ɗaga hannu ya ce, "Wallahi ba ni ba ne, kwansoltan ne. Ga maki nan a rubuce." Shi Malam yana ganin iliminsa ake saye. Su kuwa wanda zai ce a'a a madadinsu suke nema.

Ba a daɗe ba aka fara ganin 'ya'yan takardar. Ya zaɓa wa wani gidan mai maigadi wanda ya yi bayani kan tsaro kamar tsohon soja, ya ci tamanin da takwas, aka kuma riƙa tashinsa daga barci da safe don a buɗe ƙofa. Ya zaɓa wa wata makaranta sakatare mai Turanci kamar rediyo, wanda yake buga tafireta da yatsa ɗaya. Labari ya zaga Katsina. Wata uku babu wanda ya leƙo shagon sai masu neman inuwa.

Hajiya Baraka ce ta kira shi gidanta na GRA. Tsohuwar 'yar kasuwa ce, tun tana sayar da atamfa a ƙulli har ta gina gidan burodi, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Bayan sun gama gaisuwa, an tambayi iyali da gajiya da zafi, ta ce:

"Malam Sammani, na ji labarin maigadinka."

"Ai Hajiya, wancan ƙaddara ce."

"To ni ban son ƙaddara a murhuna. Mutum goma sha ɗaya ke nema, tara da takardar manya. Ɗaya ma ƙanen matar Kansila Zakari ne. Ka zaɓo mani wanda ya iya, ka ba ni a rubuce in nuna masu. In ya ƙona mani burodi, duk matar da ke da shago a garin nan sai ta ji sunanka daga bakina."

Shi ma Kansila Zakari ya aiko masa da saƙo a gefe, cewa akwai aikin tantance masu karɓar harajin kasuwa mutum ashirin, kuma yana ganin babu wanda ya dace da shi sai Baba Sammani. Bai ambaci surukinsa ba. Ba sai ya ambata ba.

Ƙarfe tara na safiyar nan ta Litinin aka fara intabiyu, a ɗakin da za a riƙa ajiye fulawa. Malam ya zauna bayan tebur da kwat ɗinsa, gumi na bin wuyansa. Na huɗu a layi shi ne Garba, ƙanen matar kansila. Ya shigo da takalminsa, ya damƙi hannun Malam har yatsu suka yi ƙara, ya zauna kafin a ce ya zauna, ya kafe shi da ido kamar mai neman faɗa.

"Ka iya gasa burodi?"

"Yallaɓai, ai burodi ni ne. Na yi Kano, na yi Zariya, na leƙa Jos. Ka ba ni murhun nan wata ɗaya, mutanen Katsina su daina cin tuwo."

"Mi ka fi kowa iyawa?"

"Komi."

Fensir ya yi ta gudu. Garba ya tashi da casa'in da biyu, makin da ba a taɓa ci ba tun da aka buɗe shagon. Malam ya ji wani sanyi a ransa. Ga wanda takarda take so, ga shi kuma shi kansila yake so. Allah ya haɗa masa biyu a wuri ɗaya.

Na ƙarshe wani ne Tanko, mutumin wani ƙauye ta wajen Kaita, mai furfura tsilla-tsilla a gemu, ba shi da takardar kowa. Tun daga bakin ƙofa ya cire takalmi. Aka nuna masa kujera, ya durƙusa kusa da ita. Malam ya miƙa hannu, Tanko ya tara hannu biyu ya taɓa shi sama-sama, ya mai da ƙirji. Ya yi ina kwana, ya yi ina gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi yara, ya dawo ya sake tambayar gajiya, duk idonsa na kan siminti.

"Ka iya gasa burodi?"

"To, ana dai taɓawa, ranka shi daɗe."

"Shekara nawa kana yi?"

"An ɗan jima."

"Mi ka fi kowa iyawa a wannan aiki?"

"Subhanallahi! Wa, ni? Ai akwai manya, ranka shi daɗe. Koyo dai muke."

Malam ya rubuta a gefe: ɗan koyo. Ya haɗa maki, ya samu tara, biyar daga ciki ma don tausayi. Ya ce ya tafi, za a neme shi. Tanko ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya sake durƙusawa.

"In ba a ga rashin kunyata ba, ranka shi daɗe, itacen can da aka jibge a waje ɗanye ne. In aka hura shi haka, burodi zai yi warin hayaƙi. A baza shi rana ko kwana huɗu ne."

Ya sa takalminsa ya tafi. Malam ya bi gidajen takardar da fensir, daga na ɗaya zuwa na huɗu, yana neman inda zai sa wannan magana. Babu. Ya leƙa ta taga ya dubi itacen. Shi dai itace ya gani.

Da rana ya koma gida cin abinci. Matarsa Furera ta ajiye masa dambu, ta zauna gefe tana tsince wake. Shekara ashirin da biyar suna tare, ta san idan yana juya cokali bai kai baki ba, magana ce ke cinsa. Ya ba ta labarin Garba da alfahari, ya ba ta na Tanko yana girgiza kai.

"Mutum a tambaye shi abin da ya iya, ya ce akwai manya. Ko kallona bai yi ba. Tara ya ci."

Furera ba ta ɗago ba. "Malam, ranar da ka zo gaida Baba kan maganata, kai nawa ka ci?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ina bayan labule ina kallo. Tun daga zaure ka cire takalmi. Ka durƙusa bakin ƙofa kamar an dasa ka. Baba ya ce mi kake yi, ka ce ana dai taɓawa. Kawunka ne ya faɗa masa kai akawu ne. Idonka kuwa, har aka tashi tabarma kake ƙirgawa."

"Wancan neman aure ne, wannan aiki ne. Akwai ilimi a ciki."

"To, Allah shi ƙara ilimi. Ni dai na san da Baba yana da takardar nan taka, da yanzu ina gidan wani."

Malam ya ce dambun ya yi gishiri. Ta ce ba ta sa gishiri ba tukuna, yana gefen kwano.

Bai ce ta yi gaskiya ba, don ba ya cikin mazan da ke faɗin haka. Amma washegari ya koma GRA ya shaida wa Hajiya cewa akwai mataki na biyu, wanda aka koya musu a Kaduna, ana ce masa gwaji a aikace. A Kaduna babu wanda ya ambaci wannan. Ya ce a raba buhun fulawa biyu, wanda ya zo na ɗaya ya gasa rabi, wanda ya zo na ƙarshe ya gasa rabi, don a tabbatar takarda ba ta yi kuskure ba.

"Fulawata ce za a tabbatar da ita?" in ji Hajiya. Amma ta yarda.

Ranar Laraba Garba ya zo cikin farar shadda. Ya tsaya nesa da kwaɓi yana ba ma'aikata umarni da yatsa. Ya sa aka cusa itacen nan yadda yake, hayaƙi ya turnuƙe har maƙwabta suka fito suna tambaya ko lafiya. Kwaɓin bai tashi ba ya ce a zuba a gwangwani, wai a Jos haka ake yi. Da aka fito da burodin, sama baƙi, ciki danƙare, ga nauyi kamar tubali. Garba ya dube shi ya ce laifin yis ne, kuma murhun ma ba a gina shi daidai ba. Ya faɗi haka yana kallon Malam ido cikin ido, da sauri, ba gargada. Ko a lokacin, da za a sake ba shi maki, da ya ci casa'in.

Ranar Alhamis Tanko ya iso da busasshen itace ɗaure a bayan kekensa, wanda babu wanda ya ce ya kawo. Ya tuɓe riga ya rataye, ya wanke hannu har gwiwa. A nan Malam ya ga tabon ƙuna a damtsensa, tsoho kan tsoho, irin wanda ba a samu a shekara biyu ko biyar. Ya kwaɓa da kansa, ya rufe da buhu, ya je ya hura wuta. Da itacen ya cinye ya kwashe garwashin, ya watsa 'yar fulawa a ƙasan murhu, ya tsaya yana kallon yadda take sauya launi. Ya ce a ɗan jira. Bayan wani lokaci ya sake watsawa, ya ce bismillah. Duk yinin nan maganarsa ba ta wuce goma ba. Ɗaya daga cikin masu kwasar gwangwani ne ya faɗa wa Malam cewa shekara goma sha tara Tanko ya yi yana riƙe murhu a wani gidan burodi da aka rufe bara.

Da burodin ya fito, ƙamshi ya kai har bakin titi. Hajiya ta yaga guda, ta ci, ta sake yagowa. Sannan ta ja Malam gefe.

"Magana ta ƙare, Tanko ne. Yanzu sai ka gyara takardar. Ka ba shi casa'in da biyun, ka ba Garba taran, in aika wa Kansila."

"Hajiya, ba ni goge maki."

"Fensir ne fa, Malam Sammani. Don a goge aka yi shi."

"Abin da na gani ranar Litinin shi na rubuta. In na goge yau don Tanko, gobe sai in goge don wani."

"To ni mi zan nuna wa Kansila? Takardar da ta ce surukinsa ya fi kowa? Ai don kada in yi wannan bayanin na ɗauko ka."

Malam ya daɗe yana kallon takardar. Wata shida yana yawo da ita cikin jaka kamar laya. Ya ninke ta ya sa aljihu, ya ce a ba shi burodi biyu, na jiya guda, na yau guda.

Bayan la'asar ya isa gidan Kansila Zakari. Zauren cike yake da 'yan jam'iyya, kowa da buƙatarsa. Kansila yaro ne a kan Malam, mahaifinsa ma yana cikin leburorin da Malam ya rubuta sunansu a kamfanin man gyaɗa, don haka ya tashi ya ba shi wuri.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko."

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Malam ya fito da takardar ya shimfiɗa, ya ajiye burodi biyu a kanta.

"Ranka shi daɗe, takarda ta ce Garba. Ni na rubuta, ga hannuna nan, casa'in da biyu. Wannan burodinsa ne. Wannan kuma na wani ne Tanko, da ya ci tara. Na ba Hajiya shawara ta ɗauki Tanko."

Kansila ya dubi takarda, ya dubi Malam. "Baba, ban gane ba. Naka ilimin ya ce Garba, kai kuma ka ce wani?"

"A taɓa dai a ji."

Kansila ya ɗauki na Garba zai gutsura, ya ƙi. Ya sa hannu biyu, ya ƙi. Ya ɗan buga shi a gefen benci, sai ya yi ƙara kamar an ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo a kusurwa ya ce a ajiye shi, in an zo gyaran kwalbatin unguwa zai yi amfani. Zaure ya ɗauki dariya. Kansila ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ya yagi na Tanko ya ci, ya miƙa wa na kusa da shi, kafin a ce haka ya zagaye zauren ya ƙare.

"Baba, ka kyauta kuma ba ka kyauta ba," in ji shi. "Da takarda ka aiko, in kai ta cikin gida in ce ga abin da kwansoltan ya ce. Yanzu da wane baki zan yi wa yayarsa bayani? In kai mata wanga dutse?"

"Sai haƙuri, ranka shi daɗe."

"Batun aikin kasuwa kuma, sai mun sake dubawa."

"Na sani," in ji Malam. Ya san ma'anar sake dubawa a bakin ɗan siyasa.

Kansila ya tura masa burodin Garba ya ce ya tafi da kayansa.

Aikin kasuwa bai zo ba, wani aka ba. Tanko kuwa ya kama murhu tun ranar Asabar. Hajiya Baraka, wadda ba a san ta da yabo ba, ta aiko direbanta a ranar da Malam ya fito daga gidan kansila, ya same shi a hanya ya ce Hajiya ta ce mako mai zuwa tana son masu kai burodi shaguna mutum uku, kuma wata ƙawarta mai ruwan leda na neman mai kula da inji. Ta ce a faɗa masa ya zo da mataki na biyun nan, na ɗayan ya bar shi gida in ya ga dama.

Malam ya ce a gaida Hajiya, amma a shaida mata ilimi ba a raba shi, da duka biyun zai zo.

A wannan yammacin ya tsaya a teburin mai shayi na bakin Gobarau. Ya cire kwat ya ninke a cinya, ya ce a haɗa masa shayi mai zafi sosai. Mai shayi ya miƙa hannu zai yanko masa burodi, ya ce a'a, ya zo da nasa, abinci ba a zubarwa. Ya ari wuƙa, ya danna da ƙarfinsa har ya samu ya ɓantaro gefen burodin Garba. Ya tsoma a kofi, ya jira, ya ɗago ya latsa da yatsa. Ya mayar ya ƙara jira.